Girman Tsoka da Ƙarfin Jiki: Amsoshin Likita ga Masu Ɗaga Ƙarfe

Tambaya: Assalamu alaikum likita, barka da ƙoƙari. Shekarata 21, yau mako shida ke nan da na fara ɗaga ƙarfe. Da farko kilo 30 nake turawa ina kwance a benci, yanzu ina tura 45. Amma na auna damtsena da tef, ko santimita ɗaya bai ƙaru ba. Ko akwai abin da nake yi ba daidai ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ƙanena, kana kan hanya. Ƙarfin da mutum yake samu a makonnin farko, mafi yawansa daga ƙwaƙwalwa da jijiyoyin saƙo yake fitowa, tsokar kuwa sai daga baya take biyowa.

Tsoka ba ta motsi don kanta, sai ƙwaƙwalwa ta aiko mata da umarni ta cikin laka. Kowace jijiyar saƙo guda tana riƙe da nata rukunin zaruruwan tsoka. A tsokar da ke juya ido, zaruruwa kamar goma jijiya ɗaya take kula da su. A tsokar sha-raɓa kuwa sun haura dubu. Sabon shiga bai iya tashin waɗannan rukunoni gaba ɗaya ba, waɗanda ya tasa ɗin ma ba sa ja a lokaci guda. Ka ɗauka mutum goma ne suka taru tura motar da ta mace: in wannan ya tura wancan yana gyara tsayuwa, motar ba za ta gusa ba, amma da zarar sun haɗa baki sun ingiza tare sai ta tafi, alhali ba a ƙaro ko mutum ɗaya ba. Abin da jikinka ya koya ke nan cikin mako shidan nan. Ya kuma koyi sassauta tsokar da ke ɗaya ɓangaren gaɓar, wadda a da take ƙanƙamewa tana hana ka, ya koyi daidaita sandar ba tare da ta yi ta karkarwa a hannunka ba.

A 1979 wasu masana biyu, Moritani da deVries, sun horar da mutane hannu ɗaya na tsawon mako takwas. Sun ga cewa ƙarfin farko aikin jijiyoyi ne, sai bayan mako uku zuwa biyar kaurin tsoka ya fara karɓar ragama. Abin da ya fi burge ni a binciken shi ne, hannun da ba a taɓa horarwa ba shi ma ya ƙara ƙarfi, ba tare da ya ƙara kauri ba.

Game da tef kuwa, ma'auni ne mai rauni, domin fata da kitse da ruwa duk yana haɗawa ya auna. Kumburin da kake gani a madubi da gama atisaye ma jini ne da ruwa suka taru, cikin 'yan sa'o'i zai sace. Ka ba jikinka wata biyu zuwa uku kafin ido ya fara gani. Kuma turin benci ƙirji da kafaɗa da bayan damtse yake ginawa. Gaban damtse sai da atisayen jawowa.

Tambaya: Likita, ina da aboki siriri, damtsena ya kusa biyun nasa, amma ya fi ni ɗaga nauyi daga ƙasa. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Me ke kawo haka?

Amsa: Ɗan'uwa, abubuwa da yawa ne suke haɗuwa su ba da ƙarfi, kaurin tsoka ɗaya ne daga ciki. Akwai tsawon ƙasusuwa: mai dogayen hannuwa bai cika sunkuyawa sosai ba kafin ya kama sandar da ke ƙasa, tazarar da zai ja ta kuma gajeriya ce, amma a turin benci shi ne zai sha wuya. Akwai wurin da jijiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi ta kama; in ta ɗan yi nesa da gaɓa, ko da 'yan milimita ne, mai ita zai ɗaga nauyin da ya fi na wanda tsokarsu ɗaya. Akwai kuma nau'in zaruruwa: wasu masu saurin ja ne da ƙarfi amma suna gajiya da wuri, wasu masu juriya ne a hankali. Waɗannan duk gado yana da hannu a cikinsu. Sannan ɗaga nauyi daga ƙasa aikin baya ne da ɗuwawu da cinyoyi, damtse ɗan rakiya ne kawai. In abokin naka ya shekara yana maimaita wannan ɗagawar, ya ƙware a kanta, domin ƙarfi yana bin abin da aka saba.

Ka duba Naim Süleymanoğlu na Turkiyya. Tsayinsa bai kai mita ɗaya da rabi ba, yana ajin kilo 60, amma a gasar Olamfik ta Seoul a 1988 ya ɗaga kilo 190 sama da kansa, fiye da ninki uku na nauyinsa. Sai dai kada wannan ya sa ka ce girma ba komai ba ne. Lasha Talakhadze na Jojiya, wanda nauyinsa ya haura kilo 170, ya ɗaga kilo 267 a irin wannan ɗagawar a 2021. Dalilin da ya sa ake raba gasa aji-aji bisa nauyin jiki ke nan. Ƙwarewar jijiyoyin saƙo tana da iyaka. Wanda ya daɗe yana atisaye ya kai wannan iyakar, ba zai ci gaba sosai ba sai ya ƙara tsoka.

Tambaya: Wasu sun ce in ɗaga mai nauyi sau kaɗan, wasu sun ce marar nauyi sau da yawa. Wanne ne gaskiya?

Amsa: Ya danganta da abin da kake nema. In girma kake so, duka biyun suna ginawa kusan daidai, muddin kana kai kowane zagaye kusa da inda ba za ka iya ƙara ko ɗaya ba. In kuwa ɗaga nauyi mafi girma kake so, sai ka saba da mai nauyi, irin wanda za ka ɗaga sau uku zuwa biyar. Ni ga yawancin mutane tsaka-tsaki nake zaɓa, sau 6 zuwa 12, saboda ya fi sauƙi ga gaɓoɓi kuma yana ba da rabo a ɓangarorin biyu. Ka taɓa kowace tsoka sau biyu a mako, ka riƙa ƙara nauyi kaɗan-kaɗan, ka yi barcin sa'a bakwai ko fiye. Furotin kuma, wato sinadarin abinci mai gina jiki, kamar giram 1.6 ga kowane kilo na nauyinka a rana ya wadatar, abinci ma zai iya cika shi ba sai da gari na gwangwani ba.

Ciwon jiki na kwana biyu ko uku bayan atisaye ba abin tsoro ba ne. Amma in tsoka ta kumbura tana azabar ciwo, fitsari ya koma baƙi-baƙi, ka nufi asibiti a ranar, domin tsokar ce take narkewa cikin jini, kuma tana iya lalata ƙoda.

Tambaya: Ni mace ce, shekarata 30. Ina so in yi ƙarfi amma ina tsoron jikina ya murɗe kamar na maza.

Amsa: 'Yar'uwa, cire wannan tsoro. Sinadarin testosteron da ke jinin namiji ya ninka na mace sau goma ko fiye, kuma maza ma sai sun yi shekaru suna wahala kafin su murɗe. Za ki ga ƙarfinki ya hau sosai, jikin ya ɗaure, ƙashi ya yi ƙwari, wanda zai amfane ki bayan ɗaukewar al'ada. Hukumar Lafiya ta Duniya ma kwana biyu ko fiye a mako ta ba kowane baligi shawarar ya yi atisayen ƙarfafa tsoka, mace ko namiji.

Tambaya: Wani a wurin atisaye ya yi mini tayin allurar da ya ce cikin wata biyu zan cika riga. In karɓa?

Amsa: Kada ka karɓa, don Allah. Ba zan ce maka ba ta aiki ba. A 1996 wani masani mai suna Bhasin da abokan aikinsa sun ba wasu maza miligiram 600 na testosteron kowane mako har mako goma. Waɗanda suka haɗa da atisaye sun ƙara kimanin kilo 6 na jiki marar kitse, waɗanda ba su ɗaga komai ba ma tsokarsu ta ƙaru. Matsalar tana wurin abin da za ka biya. Da jiki ya ga sinadarin yana shigowa daga waje sai ya daina yin nasa: 'ya'yan maraina su ƙanƙance, ƙwayoyin maniyyi su ragu, wani ya kasa haihuwa, in ya daina allurar kuma sha'awa ta mutu, ƙunci ya rufe shi na watanni. Nono yana iya fitowa namiji. Jini yana hawa, kitse mai kare jijiyoyin jini yana faɗuwa, tsokar zuciya ta yi kauri ta raunana, tun mutum yana saurayi. Tsoka kuma tana riga jijiyar da ta ɗaure ta ƙarfi, sai wata rana jijiyar ta tsinke a ƙarƙashin nauyi. Ga shi ba ka san abin da ke cikin kwalbar ba, kuma allurar da aka yi karo-karo da ita tana yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau. In ka riga ka fara, ka je wurin likita ka faɗa masa gaskiya a duba jininka da zuciyarka.

Tambaya: Shekarata 68, tashi daga kujera ya fara yi mini wuya. Ɗaga ƙarfe zai amfane ni, ko lokaci ya wuce?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya, lokaci bai wuce ba. Da shekaru, ƙarfi yana riga tsoka raguwa, amma shi ne kuma yake saurin dawowa. A 1990 wata masaniya mai suna Fiatarone da abokan aikinta a Boston ta Amurka sun horar da tsofaffi goma masu shekara 86 zuwa 96 na mako takwas. Kaurin tsokar cinyarsu ya ƙaru da kashi 9 cikin ɗari kacal, amma ƙarfin ƙafarsu ya kusa ninkawa uku.

Ku fara da kujerar da ke ba ku wahalar: ku jingina ta da bango, ku tashi ku zauna a hankali sau takwas, ku huta, ku sake. In ya yi sauƙi sai ku riƙe ɗan nauyi a ƙirji. Ku fitar da numfashi lokacin yunƙuri, kada ku riƙe shi, domin riƙewar tana cilla jini sama. In kuna da hawan jini, ciwon zuciya ko ciwon suga, likitanku ya duba ku kafin ku fara, kuma in kun ji ciwon ƙirji ko jiri a tsakiyar atisaye, ku tsaya nan take a kai ku asibiti.