Fentin ginshiƙai ya kumbura ya yi baƙi bayan gobara: jabu na shafa?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗan kwangilar fenti ne a Kano. Shekara uku da suka wuce na shafa wa ginshiƙan ƙarfe na wani siton yadi fentin kariya daga wuta, irin mai kumbura. Makon jiya wuta ta tashi a ɓangare ɗaya. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba, rufin ma bai rufto ba. Amma fentin ya zama baƙin abu kamar soso, wani wuri kaurin yatsu uku, wani wuri ko yatsa ɗaya bai kai ba, a ginshiƙi guda kuma ya saɓule ya zube ƙasa. Alhaji mai siton ya ce jabu na sa masa, gobe a kankare. Wani ya kawo masa fenti ruwan azurfa, ya hura masa wutar gas a gabansa, ko launi bai sauya ba. Wallahi barci ya gagare ni. Na cuci bawan Allah ne ban sani ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye na gaba. Kafin komai, ka je wurin Alhaji yau, ka roƙe shi kada kowa ya sa makankari a jikin ginshiƙan nan. Wannan baƙin soson shi ne shaidarka, kuma shi zai faɗi zafin da ƙarfen ya sha. In aka kankare shi aka share, sai dai a yi ta musu.

Kumburin da ya tsorata ku shi ne aikin da aka sayi fentin ya yi. Da zafi ya wuce digiri 200 zuwa 250, sinadarin fosfet da ke ciki ya saki asid, asid ya sa wani sinadarin ya zama gawayi mai danƙo, sinadari na uku mai suna melamin kuma ya fitar da iska ta hura gawayin, kamar yadda yis ke tayar da kwaɓin burodi. Milimita ɗaya na iya tashi har ninki hamsin. Iskar da ta maƙale a cikin ƙananan ramukan ce ke tare zafi.

Ga yadda za ka duba. Ka ɗauki hoton kowane ginshiƙi da ruler a jiki. Sannan ka sa sabuwar reza ka yanko ɗan yanki tun daga sama har jikin ƙarfe, a hankali, don abin ya fi ɓawon ƙwai saurin fashewa. Ka dubi gefen yankan a hasken rana. Saman yakan yi fari-fari kamar toka, nan ne wuta ta cinye gawayin ta bar ma'adinai irin su titaniyam. Tsakiya baƙi ne. A nan nake tsayawa in daɗe ina kallo. In ramukan ƙanana ne, a cunkushe, kowane a rufe kamar cikin burodi mai kyau, fentin ya yi aikinsa. In kuwa ka ga manyan koguna da ɗan yatsa zai shiga, ko tsaga da ta ratsa har ƙasa, zafi ya sami hanya ya wuce kai tsaye. Can ƙasa kuma, in ka tarar da sauran fenti manne da ƙarfe da bai ko fara tashi ba, ka gode wa Allah, alama ce ƙarfen a wurin bai yi zafin da zai raunana shi ba. Haka nan inda kumburin bai kai yatsa ba, ko dai wutar ba ta kai can da ƙarfi ba, ko kuma shafin ya yi siriri tun farko, wannan sauran fentin ne zai raba gardama.

Reza tana rusa ramukan da ake so a gani, shi ya sa a ɗakunan bincike ake sa yankin cikin na'urar hoton eksire mai juya shi, 'yar'uwar sikanin da ake yi wa kan mutum a asibiti, sai dai ita tana ganin abin da ya fi gashi siriri. Kwamfuta ta haɗa hotunan, a ƙirga girman ramuka da kaurin bangonsu, a ga ko sun ɓula cikin juna, ba tare da an taɓa gawayin ba. Ka adana yankunanka a kwali da auduga, ka rubuta lambar ginshiƙi a kan kowanne, ko da inshora ko kotu za su nema.

Ginshiƙin da fentinsa ya saɓule shi ne ya dame ni, kuma ba zan ɓoye maka ba, yawanci laifin ƙarƙashi ne: tsatsa ko maiƙo da ba a goge ba, ko fentin ƙasa da bai dace da na sama ba, wanda ya yi laushi da zafi ya sulale da komai. Ka tuna da gaskiya me aka shafa a wurin.

Yanzu maganar fentin azurfa, wadda ita ce ta fi ɓata mini rai, don kusan kullum sai na ji ta. Mutane sun ɗauka fenti mai kyau shi ne wanda wuta ta ci ta bar shi da ƙyallinsa. Wannan fentin salansa ne da bututun hayaƙi da murhu. An yi shi don ya jure zafi shi kansa, kada ya ƙone ya ɓare. Ba ya tare wa ƙarfe komai. Salansar babur ɗinka da shi aka shafe ta, ka taɓa kama ta da hannu bayan tafiyar Zariya? Ƙarfen gini idan ya kai wajen digiri 550 ya rasa kusan rabin ƙarfinsa, ba sai ya narke ba, lanƙwasa yake yi a ƙarƙashin nauyin rufi. A gwajin wuta na ƙa'idar duniya mai lamba ISO 834, tanderun da ake gasa ƙarfen a ciki yana kai digiri 842 a minti 30, ya kai 945 a awa ɗaya. Ginshiƙi mai fentin azurfa zai rufto da mutane a ƙarƙashinsa yana nan yana sheƙi.

Shi kuma mai hura wutar gas a gaban Alhaji, me ya nuna? Wuta a tabo ɗaya kamar kwabo, na 'yan daƙiƙu, a kan ƙarfen da babu nauyin komai a kansa, sauran farantin yana janye zafin. Gobarar siton yadi tana kewaye ginshiƙi ta ko'ina, ta daɗe tana gasa shi. Ku tambayi mutumin takardar gwajin tanderu, wadda ta ce kauri kaza a kan ƙarfe mai girma kaza ya ba da kariyar minti 60 ko 90 ko 120. Za ku ga ya fara rantsuwa yana cewa daga waje aka kawo. Irinsu ne kuma ke tsinka fentin gaske da tina don gwangwani ɗaya ya yi aikin biyu, su shafa wa siririn ƙarfe da kakkaura shafi iri ɗaya, alhali siririn ya fi saurin ɗaukar zafi, shi ya fi bukatar kauri. Kuɗin da aka rage a nan, mintunan da ɗan dako zai fita da ransa aka sayar, da waɗanda 'yan kwana-kwana ke bukata su shiga. Mu ji tsoron Allah a kan rayukan mutane.

Abin da ya rage: fentin da ya kumbura sau ɗaya yake aiki, ba a ɗora sabo a kansa. Injiniyan gini ya fara auna ginshiƙan, ya duba lanƙwasa da walda da kusoshi. Bayan nan a kankare har farin ƙarfe, a wuce iyakar inda hayaƙi da ruwan kashe gobara suka taɓa, don jiƙa tana wanke fosfet ɗin. A sake shafawa, a auna kaurin busasshen fentin da na'urar maganaɗisu, a rubuta. Ka auna ginshiƙan ɓangaren da wuta ba ta kai ba ma, a gaban Alhaji, ka ɗora lambobin a kan takardar kamfanin fentin ku duba tare.