Shawara ga mai son fara sana'ar yumɓun roba a Yamai

Wata Hajiya mai sayar da kayan kwalliyar mata a Babbar Kasuwar Yamai ta aiko da tambaya. Ta ce ta ga mata a Facebook suna ƙera 'yan kunne da tsakiya da yumɓun roba irin na Fimo, kuma ta kwashi adashi na jaka 150, wato sefa 150,000, shi ne take son sanin ko ya dace ta zuba kuɗin gaba ɗaya a wannan sana'a.

Hajiya, sana'ar tana da hanya, amma ban ba ki shawarar zuba adashinki duka a cikinta ba. Ki ware kashi ɗaya cikin uku, ki ɗauke shi kuɗin koyo, sauran kuma su ci gaba da juyawa a hajar da kika riga kika sani.

Dalilina yana cikin yanayin kayan ne. Wannan yumɓu ba ƙasa ba ce, robar PVC ce da aka haɗa da sinadarin tausasawa da launi, saboda haka iska ba ta busar da shi, zafi ne kaɗai yake sandarar da shi. Fimo, wanda kamfanin Staedtler na Jamus yake yi, ana gasa shi a zafin maki 110 na ma'aunin Celsius na tsawon minti 30, wasu ire-iren kuma, kamar Sculpey na Amurka, suna bukatar wajen maki 130, don haka abin da aka rubuta a jikin leda shi za ki bi. Idan gashin bai kai ba, ɗan kunnen zai fito da kyau a ido amma ya karye a hannun mai saye bayan 'yan kwanaki, kuma abokiyar cinikin da hakan ya faru da ita da wuya ta dawo, balle ta kawo miki wata. Idan kuma wutar ta yi yawa, yumɓun zai ƙone ya fitar da hayaƙi mai cutarwa. Saboda haka abin da ya fi cancantar kuɗinki tun farko shi ne ƙaramin tanda da ma'aunin zafin da ake sakawa a cikinsa, domin lambobin da ke jikin tanda ba kasafai suke faɗin gaskiya ba. Ki kuma yi la'akari da ɗaukewar wuta: tanda mai aiki da gas zai raba ki da wannan matsala, muddin kina lura da ma'auni.

Zafin garinmu ma abin tsoro ne ga jarinki. A watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai yana haura maki 40, kuma yumɓun da ya kwana biyu a rumfar kwano ko a cikin mota yakan fara taurarewa ya riƙa marmashewa. Wannan ya sa sayen kaya da yawa don neman rangwame, wanda dabara ce mai kyau a cinikin atamfa, zai iya zama asara a nan. Ki sayi fari da baƙi da ja da shuɗi da rawaya kawai, sauran launukan a haɗe ake samun su, ki adana su a ɗaki mafi sanyi. Lokacin hunturu ki rufe aikinki, domin ƙura tana manne wa ɗanyen yumɓu, musamman fari.

Sauran kayan aiki ba su da tsada: tayil ɗaya mai santsi, reza, da injin taliya don murzawa, da sharaɗin kada ya sake komawa madafa.

Batun farashi kuwa, kayan daga waje suke zuwa. Yuro ɗaya yana daidai da kusan sefa 656, don haka ƙullin yumɓu mai giram 57 da aka saya Yuro 3, misali, ya tasam ma jaka biyu tun kafin a sa kuɗin dako da na kwastan. Ki ƙirga 'yan kunne nawa ƙulli ɗaya ya ba ki, ki haɗa da kuɗin maƙalai, gas, leda, waɗanda suka lalace, da ladan hannunki, wanda mata da yawa suke mantawa da shi. Ki zaɓi maƙalan ƙarfen da ba ya tsatsa, domin masu arha suna sa wa wasu mata ƙaiƙayin kunne.

Bayan wannan lissafi za ki ga cewa ba za ki iya gogayya da 'yan kunnen Sin a arha ba, haka kuma azurfar maƙeran Abzinawa da ake sayarwa a cibiyar sana'o'in hannu ta Wadata tana da masu sayenta daban. Inda kike da rinjaye shi ne launi. Mai biki ta kawo miki ƙyallen ankonta, ki haɗa yumɓun da ya dace da shi sak, ki yi wa ƙawayen amarya duka iri ɗaya, abin da mai kayan kwantena ba zai iya ba. A irin wannan aiki ki karɓi rabin kuɗi kafin ki taɓa yumɓu, domin abin da aka yi wa anko ɗaya ba ya sayuwa ga wani.

Ki fara da ajiye 'yan kaɗan a gefen teburinki na kasuwa, ki rubuta abin da ya fita da abin da ya zauna har tsawon wata uku. Idan littafin ya nuna riba bayan kin cire ladanki, sai ki ƙara jari gabanin Sallah, daga baya kuma ki nemi rumfa a baje kolin SAFEM na sana'o'in hannun mata da ake yi a nan Yamai.