Tambaya da Amsa: Da wane ma'auni ake ɗaukar mataimakin ɗan takara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Duk kakar zaɓe sai a yi ta cece-kuce kan wanda ɗan takarar shugaban ƙasa zai ɗauka mataimaki. Ta yaya ake gane wanda zai yi amfani da wanda zai zama ƙarin kaya? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, jama'a ƙuri'a suke fara lissafawa, amma masu tantancewa da takardu suke farawa, domin tikitin ɗaya ne: in mataimaki ya faɗi a kotu, yana iya jan maigidansa. A Fabrairun 2020 Kotun Ƙolin Najeriya ta soke nasarar David Lyon a Bayelsa, ana gobe za a rantsar da shi gwamna, saboda sunayen da ke takardun mataimakinsa sun saɓa wa juna. Shi ya sa ake bin shaidar karatu, shekarun haihuwa, biyan haraji, shari'o'in da ke kansa da lafiyarsa ɗaya bayan ɗaya. A Amurka, ɗan takarar shugaban ƙasa George McGovern ya yi gaggawa a 1972 ya ɗauki Thomas Eagleton mataimaki, sai labari ya fito cewa an taɓa kwantar da Eagleton asibiti kan ciwon damuwa. Bayan kwana 18 Eagleton ya janye.

Sai babbar tambaya: in ta Allah ta kasance, zai iya riƙe ƙasa? Mataimaka 9 ne suka gaji kujera a Amurka ta dalilin mutuwa ko murabus, haka Goodluck Jonathan ya gaji Umaru Musa 'Yar'aduwa a Mayun 2010.

Maganar ƙuri'a kuwa ana yawan zuzuta ta. Gaskiya ne a Najeriya sai ɗan takara ya sami kashi 25 cikin ɗari a biyu bisa uku na jihohi, shi ya sa ake haɗa Arewa da Kudu. Amma fitowa daga yanki daban, riƙe yankin daban. A Amurka, Mitt Romney ya ɗauki Paul Ryan mataimaki a 2012, amma Ryan bai kawo masa jiharsa ta Wisconsin ba. A duba ko mutumin ya taɓa cin zaɓe da ƙarfin kansa, kuma yana da mutane har matakin mazaɓa.

Abin da ya fi wuyar aunawa shi ne buri. Mai jama'a yakan zo da nasa lissafin, kuma ba a korarsa kamar minista. Da Obasanjo da Atiku suka ɓata, Kotun Ƙoli ta yanke a 2007 cewa shugaba ba shi da ikon sauke mataimakinsa, ko da ya sauya jam'iyya. Sai dai majalisa ta tsige shi.