Amsa: Shin ya dace Esperanto ya zama harshen duniya a hukumance?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace a ɗauki Esperanto, wato wani ƙirƙirarren harshe, a matsayin harshen aiki na ƙasa da ƙasa. Masu goyon baya suna da hujja mai ƙarfi, domin tun da likitan ido Zamenhof ya fito da shi a birnin Warsaw a 1887, an gina nahawunsa a kan ƙa'idoji 16 marasa togaciya, kuma ba mallakar kowace ƙasa ba ne, saboda haka babu wakilin da zai shiga zauren taro da fifikon da Ba'ingile yake morewa a yau.

Sai dai akasarin kalmominsa daga harsunan Turai aka ciro su, wanda ya sa sauƙin da ake yaba masa ya fi amfanar ɗan Italiya fiye da Bahaushe ko Basine. A ganina, siyasa ce babban cikas. A farkon shekarun 1920, Faransa ce ta toshe shi a ƙungiyar ƙasashen da ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma da wuya masu harsunan hukuma shida na Majalisar, har da Larabci da aka ƙara a 1973, su yarda a rage musu matsayi.