Birki ya shanye kwana ɗaya bayan gyara: wa zai biya ɓarnar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kai motata Corolla wani gareji a Sabon Gari, aka canza min fad ɗin birkin gaba, aka ƙara mai. Yaron garejin ne ya yi aikin. Washegari a wajen Kwangila na taka birki ya shanye har ƙasa, na daki bayan wata bas. Ba wanda ya ji rauni, amma lagireto ya fashe, bamba da fitilu sun tafi, mai bas ma yana neman kuɗin gyara. Bakaniken ya ce zai sake gyara birkin kyauta, sauran kuwa ƙaddara ce. Hankalina a tashe yake, don ba ni da halin wannan gyara. Wa ya kamata ya biya?
Daga wani mai karatu a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Sannu da arziki, Malam, Allah Ya kiyaye gaba.

Idan aka tabbatar aikin da aka yi a garejin ne ya sa birkin ya shanye, mai garejin ne zai biya: birkin, lagireto, fitilu, bamba, har kuɗin janwe. Cewa yaro ne ya yi ba ta wanke shi, don maigida ne ke ɗaukar alhakin aikin yaronsa. Dokar kare masu sayen kaya ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta ba ka haƙƙin samun aiki mai inganci, kuma dokar sakaci ta ba ka damar neman diyyar ɓarnar da ta biyo baya.

Maganar duka tana kan hujja, saboda haka kada ka yarda da wannan gyaran kyautar tukuna. Da zarar ya ɗaure notin da ya bari a kwance, shaidarka ta tafi. A bar motar yadda take. Ka nemi wani bakanike da ba shi da alaƙa da garejin, a cire tayoyin gaba a gaban shaidu biyu, ana ɗaukar bidiyo. A duba ko man birki ya ragu a robarsa, ko cikin taya ya jiƙe da mai, ko ɗan notin fitar da iska a sake yake, ko notukan kalifa (ƙarfen da ke matse fad a kan faifai) ba su ɗauru ba, ko an murɗe tiyon birki wajen mayarwa. A ɗebi man a kwalba mai tsabta a ajiye. In ya yi ja, mai yiwuwa man giyar mota aka zuba, shi kuwa kumbura robobin masta (famfon da ke tura man birki) yake yi. In yana kumfa, akwai zargin ruwan sabulu. Man birki nau'in DOT 3 sabo ba ya tafasa sai wajen digiri 205, DOT 4 kuma 230, ruwa kuwa a digiri 100 ya zama tururi, tururi kuma ba ya riƙe birki. Ka nemi rahoton jami'in duba lafiyar motoci a rubuce, ka ajiye rasit ko shaidar tura kuɗi ta banki.

Gaskiya kuma a faɗe ta: in bututun baya ne ya tsatsa ya fashe, wanda bai taɓa ba, ba laifinsa ba ne. In kai ka sayo jabun fad duk da ya gargaɗe ka, ko ka ji birki ya yi laushi tun a bakin gareji amma ka hau titi, kotu na iya rage abin da za a biya ka.

Sai batun ƙaddara, wanda shi ne ya fi ci min tuwo a ƙwarya. Kullum ita ake jefa wa mai mota don a rufe masa baki, har ya ji kamar neman haƙƙinsa raunin imani ne. Ba haka addini ya ce ba. Komai da ƙaddarar Allah yake faruwa, amma wannan bai taɓa ɗauke lamuni daga kan wanda ya yi ɓarna ba. A fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan Zariya, masu sana'a suna lamunin kayan da aka danƙa musu, kuma a dukiyar mutane kuskure da ganganci duk biya ne, a zunubi kawai suka bambanta. Wanda bai fitar da iska daga layin birki ba, bai danna birki sau da yawa don fad ya kama faifai kafin ya miƙa makulli ba, bai zagaya da motar ya gwada ba, sakaci ya yi. Akwai ma masu toshe layin taya ɗaya da ƙusa in yana yoyo, su sallami mutum da birkin ƙafa uku. Ya ku kanikawa, ku ji tsoron Allah. Yau bas aka daka, gobe 'yan makaranta ne ke tsallaka titi. Duk mai motar da ya yi shiru don kunya, ya bar wa na bayansa wannan hannun.

Shi mai bas kai zai bi, don kai ne a kan sitiyari. In inshorarka ta gaskiya ce, irin ta naira 15,000 da ta fara aiki a Janairun 2023, tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3, amma ba ta gyara taka motar. Ka duba lambar motarka a NIID, rumbun bayanan inshorar motoci na intanet, ka sanar da kamfanin nan take.

Da rahoton a hannu, ka fara kai ƙara ga shugabannin ƙungiyar kanikawa ta NATA na yankin. In an yi sulhu, a rubuta adadin kuɗi da ranar biya, kowa ya sa hannu. In ya ƙi, sai kotun majistare ko kotun Shari'a. Kada ka sa 'yan sanda su tsare shi don ya biya: dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rikicin yarjejeniya, kuma yana iya juyowa ya yi ƙararka.