Mai gidan gem na son fara sharhin wasanni a YouTube

Tambaya: Ina da gidan gem, na'urorin wasa na PlayStation, PS4 uku da PS5 ɗaya. Ina so in riƙa sharhin sababbin wasanni da Hausa a YouTube. Akwai kuɗi a ciki?

Amsa: Ƙanena, jarin wannan sana'a lokaci ne, kuma shi ne ba ka da shi. Elden Ring da ya fito a 2022 yakan ci wa mutum awa hamsin kafin ya ga ƙarshensa, Baldur's Gate 3 kuwa yana iya haura ɗari. Manyan masu sharhi a Amurka da Ingila kamfani ke aika musu wasan kyauta, wani lokaci saura 'yan kwanaki ya fito, su hana idonsu barci don su riga kowa. Duk da haka suna shan kunya. A Disamban 2020 na kwamfuta kawai aka ba su na Cyberpunk 2077, suka yaba, sai ga na PS4 duk matsala, har Sony, mai ƙera PS4, ta cire shi daga kasuwarta.

Kai kuma da kuɗinka za ka saya, dala 70 manyan sababbi. Ga data, don wani wasan ya fi gigabait 100. Ga man janareta. Abin da ya fi damuna ma, duk awar da ka zauna gaban PS5 ɗin nan, yaran da suka zo da kuɗi a hannu suna tsaye suna kallon ƙeyarka. Wannan asara ce, ko ba ka rubuta ta a littafi ba.

YouTube ba ta fara raba kuɗin talla da kai sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, kuma tallan da ake nuna wa 'yan Najeriya bai kai na Turai tsada ba.

Da ni ne kai, ba zan shiga tseren sababbi ba. Ka tsaya kan abin da ake bugawa a shagonka kullum, wato ƙwallo, EA Sports FC da eFootball. Bidiyo ɗaya a mako, da safe kafin yara su taso makaranta, sunan shago a jiki. Bayan wata shida ka buɗe littafin ciniki ka ga ko sababbin fuskoki sun ƙaru.