Tambaya da Amsa: Me ke kashe manhajar Java a kan Kubernetes?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na haɗa manhajar Spring Boot cikin kwantenar Docker, tana aiki lafiya lau a kwamfutata. Da na ɗora ta kan Kubernetes, tsarin da ke sarrafa kwantenoni, na ware mata RAM 1Gi, na sa -Xmx1g, sai ta riƙa mutuwa tana tashi, ana nuna OOMKilled da lamba 137. Ina matsalar take? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Laifin -Xmx1g ɗin nan ne. Wannan adadi na heap ne kaɗai, wato inda Java ke tara abubuwan da manhaja ke ƙirƙira. JVM kuwa, wato injin da ke gudanar da manhajar Java, tana cin RAM a wasu wurare: Metaspace, ma'ajiyar lambobin da JIT ya sarrafa, rabon kowane thread, da direct buffers. Da ka ba heap duk 1Gi, jimlar ta zarce iyakar kwantena, sai Linux ya kashe ta da SIGKILL. Lamba 137 ita ce 128 a tara da 9, lambar wannan siginar. Shi ya sa ba za ka ga OutOfMemoryError a log ba, daga waje aka kashe ta. Umarnin kubectl describe pod zai tabbatar maka.

Ka cire -Xmx, ka saka -XX:MaxRAMPercentage=75 cikin JAVA_TOOL_OPTIONS. Kada ka bar wurin haka nan, domin in ba a faɗa mata ba, kashi 25 cikin ɗari kawai JVM ke bai wa heap, sauran ya zauna a banza kana biyan kuɗinsa. In manhajar na buɗe threads da yawa, ka sauko zuwa 65. Mu dai shawararmu, requests da limits na RAM, wato abin da Kubernetes ke ware wa kwantena da iyakar da ba za ta wuce ba, su zama daidai da juna.

Ka duba sigar Java kuma, nan ne mutane suka fi faɗawa. Daga 8u191 ta fara gane iyakar kwantena, amma a sababbin na'urori masu cgroup v2, sabon tsarin Linux na iyakance RAM da CPU, sai 8u372, ko 11.0.16, ko 15 zuwa sama. Tsohuwar siga RAM ɗin na'urar gaba ɗaya take gani, ta yi lissafi da shi.

Tambaya: Tawa ba RAM ba ce, ana sake tayar da ita tun ba ta gama tashi ba. Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Malama, livenessProbe, binciken da Kubernetes ke yi don ganin ko manhaja na raye, ne ke yanke mata hukunci da wuri. Java na cin CPU sosai lokacin tashi, in an taƙaita shi sai ta yi nawa. Ki ƙara startupProbe, failureThreshold 30, periodSeconds 10, wato za a jira ta har daƙiƙa 300 ta gama tashi, da zarar ta tashi sai a fara binciken lafiyarta. Ki nuna shi ga /actuator/health/liveness, wanda Spring Boot ke da shi tun siga 2.3. Kada ki haɗa rumbun bayanai cikin wannan bincike, in ba haka ba duk sanda ya tsaya za a kashe kwantenoninki baki ɗaya.